Na Yaɓe Ɗakin Ƙarfe Kamar Rumbu

A shekarun da nake son in ba da labarinsu, ni maginiyar tukwane ce a wani ƙauye kusa da Garagumsa. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ko a allo ban yi nisa ba, abin da na sani shi ne yumɓu. In na ɗebi ƙasa na murza a tafin hannuna, na san wadda za ta yi randa da wadda za ta fashe a wuta. Bayan ginin tukwane kuma, ni ake kira da kaka in yaɓe rumbun ƙasa, domin rumbun da na shafe da hannuna ko ƙwaro ba ya samun hanyar shiga, hatsi ya shekara a ciki kamar jiya aka zuba shi. Ina alfahari da wannan hannu nawa a lokacin, ba zan ɓoye muku ba. Yau na tsufa, idona ya dushe, jikata ce ke riƙe da alƙalami, ina faɗa tana rubutawa. Na ce mata in ta ga na yi shiru kada ta tambaye ni komai, ta jira kawai har muryata ta dawo. Ina roƙon ku kada ku nemi sunana ko na ƙauyenmu, labarin kaɗai nake so ya isa kunnen mutane.

Maigidana manomi ne, mutum mai sanyin hali da yawan ba'a. Ba ya kirana da komai sai sarkin magina, ko muna faɗa ko muna shiri. Allah Ya ba mu haihuwa amma Ya karɓi abinSa, ƴa ɗaya ce ta tsaya mana, kuma a lokacin ba ta daɗe da fara famfara ba. Sai fari ya zo, wancan da aka riƙa raba wa mutane jar dawa. Hatsi ya tsiro ya kai gwiwa ya tsaya, muna kallonsa yana ƙonewa. Rumbunan da na yaɓe wa mutane duk aka share su har ƙasa. Tukwane kuwa wa zai saya, alhali babu abin da za a dafa a ciki? Awakinmu muka sayar da wasu, wasu suka mutu a turke. Maza masu ƙarfi suka tsallaka kudu neman abinci, shi kuwa ba zai iya ba, domin yana da wani tsohon tari da ke tashi masa duk lokacin ɗari. Da muka ga babu abin da ya rage sai ganyen da muke tsinkowa a daji, muka ɗaure tabarmi da bargo ɗaya da kaza ɗaya da ƴarmu ta hana a sayar, muka bi mutane zuwa Damagaram.

Mun yi kwanaki a bakin gari cikin sauran waɗanda yunwa ta koro, muna kwana a fili. Daga nan Allah Ya haɗa maigidana da wani mutumin yankinmu, ya kai shi wurin masu aikin gudro, wato kwalta, da suka gama shimfiɗa hanya a nan za su yi gaba. Sun bar wani fili da aka kewaye da waya, cike da matattun injina da tayoyi, suna neman gardi mai tsare musu kaya. A cikin filin akwai wani ɗaki na ƙarfe mai ƙafafu irin na mota, wanda ake ɗaura wa kamyo, babbar motar kaya, a ja shi duk inda aiki ya kai. Karaban suke ce masa. Nasaran da ke shugabantar aikin ne yake kwana a ciki dā. Tayoyinsa sun sace, ya zauna a kan duwatsu, aka ce mu shiga mu zauna. Ranar da na taka matakinsa na yi kuka don murna, domin ga gado na katako a manne da bango, ga ƙyaure mai sakata, ga tagogi. A tsakiyar rufin kuma akwai wata kafa mai faɗin faifai, da murfi a samanta wanda ba ya zama daidai, kana hango sama ta gefensa. A ƙasan ƙyauren ma akwai wasu tsage-tsage a jere kamar haƙarƙari. Ban kula da su ba a ranar.

Bayan wayar akwai gidan wata dattijuwa Babarbariya mai sayar da tuwo ga ƴan tasha. Iya nake ce mata, ita kuma tana ce mini ƴar ƙauye. Bakinta da kaifi, amma tun ranar farko ta miƙo wa ƴata ƙanzo ta saman waya, kuma ba ta daina ba har muka rabu.

Muna zaune lafiya har sanyi ya shigo. A nan na san ƙarfe ba shi da amana. Da rana ɗakin ya yi zafi kamar tanda, rana na faɗuwa ya koma kamar cikin randa. Da yake a ɗage yake daga ƙasa, iska tana bi ta ƙarƙashinsa, sanyin ya huda katakon ya shiga ƙafa. In ka jingina da bango sai ka ji shi har cikin ƙashin baya. Kafin gari ya waye kuma bangon ya yi zufa, ruwa yana gangarowa yana jiƙa mana tabarma. A gida ɗakin jinka muke kwana, ƙasa a ƙasa, ciyawa a sama, ga wuta a tsakar ɗaki, ban taɓa sanin sanyi yana da haƙora haka ba. Tarin maigidana ya tashi fiye da kowace shekara, ga yunwa ta riga ta cinye naman jikinsa. In ya fara sai ya dafa bango, ɗakin duka ya riƙa amsawa kamar ganga. Na kai shi lopital, wato asibiti, suka ba shi ƙwayoyi, anfirme mai duba marasa lafiya ya dube ni ya ce in ina son mijina ya ga bazara, to, in raba shi da sanyi. Wannan magana na ƙulle ta a bakin zanena na taho da ita gida. Na riga na binne ƴaƴa, na bar gona da dangi, na ce a raina wannan kam ba zan ba sanyi shi ba.

Da a ce shekara ce ta arziki, da zana zan samo in kewaye ɗakin, in ɗora ciyawa a kan rufi, shi ke nan. Amma a shekarar ko jinkar ɗakuna an sauke an ba dabbobi, gamba kuwa ko a mafarki. Sai na koma ga abin da na sani. Na je wani tafki da ya ƙafe na sassaro yumɓu na ɗauko a ka. Na bi inda fatake ke ɗaure jakuna na tsinto kashinsu, domin shi ke hana yaɓe tsagewa. Ruwa shi ne wahala, kowa ya san Damagaram da ƙishirwa ko a shekarar daɗi. Na hana a zubar da ko ɗigo a gidan: na wanke-wanke, na wankan ƴata, har na alwalar maigidana sai ya yi a kan kwano in tara. Da wannan ruwan na kwaɓa ƙasata. Na fara da ƙasan ɗakin, na jera duwatsu kewaye da shi na yaɓe su, iska ta daina bi ta ƙarƙashi. A ciki na manna kwalayen madara da na roƙo a wurin masu rabon abinci, na rufe su da tsofaffin buhuna, na shimfiɗa wasu a ƙasa. Har nan ban yi laifi ba, kuma tun a daren farko muka ji bambanci. Amma hannun mai yaɓen rumbu ba ya ganin kafa ya wuce ta. Na riƙa jiƙa yatsana da yawu ina bin bango, duk inda na ji sanyi ya taɓa shi sai in cusa tsumma in shafe da yumɓu. Na bi gefen tagogi na liƙe su, na bi haƙarƙarin ƙyaure ɗaya bayan ɗaya na toshe.

Ranar da na hau rufin don in rufe kafar sama, Iya tana tsakar gidanta tana tuƙa tuwo, ta hango ni. Ta ɗaga murya ta ce ƴar ƙauye me nake nema a can, ko tsuntsuwa na zama. Na ce mata ƙofar sanyi zan rufe. Ta ajiye muciya ta matso bakin waya, ta ce ita dai a iya zamanta da ma'aikata ba ta taɓa ganin Nasara ya huda abu a banza ba, mutumin da ko gwangwani ba ya yarwa sai ya lashe, in ya bar kafa to akwai abin da ke bi ta nan. Na yi dariya na ce mata Nasara yana da bargo goma da cikakken ciki, ni kuwa mijina haƙarƙarinsa a waje suke, kuma in maganar toshe kafa ce, ta bar wa masu ita, ita ta ji da tuwonta kada ya yi gudaji. Ta ce to, sarkin sani, kowa da kiwon da ya karɓe shi, ta koma kan tukunyarta. Na kife wani tsohon kasko a kan kafar, na yaɓe shi kewaye, na shafe da bayan hannu har ya yi sumul kamar yadda nake rufe bakin rumbu. Da na sauko, maigidana yana zaune a rana ya lulluɓa da bargo, yana kallona yana murmushi. Ya ce sarkin magina, yau kuma shi ne hatsin, an zuba shi a rumbu an liƙe, saura a jira bazara a buɗe a ga ko ƙwaro ya ci shi. Na ce masa hatsin da ya rame haka ko ƙwaro ba ya so. Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi. Wannan maganar tasa ba ta bar kunnena ba har yau.

Saura wuta. Da farko na gwada ƴan itatuwa a ciki, hayaƙi ya cika ɗakin ya kusa kashe shi da tari, na fitar da su da gudu. Sai na tuna yadda ake yi wa maijego da tsofaffi a gida, a sa musu garwashi a kasko kusa da gado. Na gina ƴan tukwane ƙanana na gasa su a murhun Iya, na kai wa wani maƙeri ya musanya mini da gawayin ƙirya, irin wanda suke hura ƙarfe da shi, mai daɗewa bai mutu ba. Na ga ba ya hayaƙi ko kaɗan, sai na ɗauka abin da ba ya hayaƙi ba ya cuta. A ƙauye mun tashi muna kwana da wuta a ɗaki, iyayenmu da kakanninmu ma haka, ba mu taɓa jin ta yi wa wani illa ba in ba gobara ba. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa ɗakin jinka ko ka rufe ƙofarsa yana numfashi ta sama ba.

Ɗakin ya yi ɗumi, ɗumi mai daɗi irin wanda muka manta da shi. Maigidana ya riƙa barci, tarin ya lafa, har ya ce da Iya ta saman waya ta zo ta ga aljannar da ƴar ƙauye ta gina. Gaskiya ne muna tashi da ciwon kai, ƴata ma takan ce kanta yana juyawa, amma a shekarar wa ke tashi ba ciwon kai? Na ce yunwa ce. Wata safiya muka tarar da kazar nan ta mutu a ƙarƙashin gado inda muke shigar da ita saboda sanyi. Ƴata ta yi ta kuka, shi kuma abin da ya dame shi wai ta mutu mushe ba a samu an yanka ba, ga mutane da yunwa. Na ce ciwon kaji ne. Abin da ya riƙa tsare mu a waɗannan kwanakin, sai daga baya na gane, shi ne aikinsa. Gardi ba ya kwana a miƙe, yakan tashi ya buɗe ƙofa ya zaga fili ya dawo, ya sake tashi ya sake buɗewa. Duk buɗewar nan iska ce ke shigo mana ba mu sani ba. Ni kuwa har faɗa nake masa wai yana zubar mini da ɗumi.

Sai aka yi wasu kwanaki na ɗari mai tsanani, ya fita zagaye ya kwaso sanyi, zazzaɓi ya kwantar da shi. Ni na riƙa yin zagayen a madadinsa don kada a ce ba ya aiki a kore mu. Ana cikin haka aka yi shela za a raba dawa a wani fili can cikin gari, kuma wanda bai je da wuri ba sai dai ya ga buhu wayam. Na tashi bayan sallar asuba na dama masa ɗan kunu, ya sha kaɗan. Na cika kasko da gawayi fiye da kullum, domin na san zan daɗe, na hura shi a waje har ya kama, na shigar na ajiye kusa da gadonsa. Niyyata in bar ƴata a wurinsa, ta kwanta a ɗumi, in ya nemi ruwa ta miƙa masa. Yarinyar nan ta kafe sai ta bi ni. Ta riƙe zanena tana kuka, na daka mata tsawa, har na ɗaga hannu zan mare ta. Sai ya buɗe ido ya ce haba sarkin magina, in tafi da ita mana, in masu rabo suka ga yarinya sun fi tausayi, shi kuma ya samu ya yi barci babu mai yi masa surutu a ka. Na ja hannunta cikin fushi muka fita. Na rufe ƙyaure, na ga ɗan haske ta ƙasansa, sai na ninke buhu na cusa a wurin da ƙafata, na danna sosai. Na ji muryarsa daga ciki yana cewa a dawo lafiya, in an samu da yawa kada a manta da mai gadin gida.

Mun daɗe a layi. Rana ta fito ta yi sama muna tsaye, mata suna ture juna, wata ta faɗi aka yayyafa mata ruwa. Duk tsawon lokacin hankalina a kwance yake. Har ina ce wa wata mata da ke bayana, mai kukan mijinta yana kwance a fili cikin sanyi, ta zo in nuna mata yadda ake gyara wuri. Allah Ya sa ba ta zo ba. Aka zuba mana dawa a ƙwarya, aka ƙara mana ɗan garin madara saboda yarinyar, kamar yadda ya faɗa. Muka kamo hanya ina ta lissafin tuwon da zan yi masa, ina cewa yau zan tsokane shi in ce dabararsa ta ci.

Da muka iso na yi sallama ba a amsa ba. Na ce barci ne. Na janye buhun na buɗe ƙyaure, wani ɗumi mai nauyi ya bugi fuskata. Yana kwance yadda na bar shi, ya juya fuskarsa wajen ƙofa, bargo har wuya. Abin da ya ruɗe ni, fuskarsa ta yi kyau, leɓensa ya yi ja kamar na mai lafiya, har na ji daɗi na ce zazzaɓi ya sauka. Na shiga na durƙusa na taɓa kafaɗarsa na ce Malam ga dawa ta samu. Na girgiza shi. Na sake girgiza shi. Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ina kiransa ba, sai na ji kaina yana sarawa, ƙafafuna sun mutu, ɗakin yana juyawa. Kukan ƴata daga waje shi ya jawo Iya. Ita ta kama ni ta ƙafa ta jawo ni waje kamar buhu, ta kira ƴan tasha suka fito da shi suka shimfiɗe a ƙasa. Ina kwance ina amai na ga tsohuwar nan ta sa an ɗora ta a kan rufin da taɓarya a hannu. Ta daki kaskon nan har ya farfashe, ta bi tagogi ta ɓalle yaɓen. Ba ta dube ni ba.

Aka kira anfirme, shi ne dai wanda ya ce in raba mijina da sanyi. Ya duba shi ya rufe masa fuska. Ya shiga ɗakin ya ga kaskon gawayi, ya ga yumɓu a ko'ina, ya fito ya tambayi wanda ya liƙe wurin haka. Na buɗe baki zan yi magana, Iya ta riga ni. Ta ce haka bayin Allah nan suka tarar da shi, masu aikin hanya ne suka bar shi a haka. Ya girgiza kai, ya ce wa mutanen da ke tsaye gawayi yana fitar da wata iska da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, in ta rasa hanyar fita sai ta sa mutum barci ta tafi da shi, kuma kafar da ke rufin don irin haka aka yi ta. Ina zaune a ƙasa ina jin kowace kalma, da ragowar yumɓu a ƙarƙashin faratana. Aka yi masa sutura aka kai shi kafin la'asar. Dawar da na karɓo ita aka dafa wa masu zaman makoki.

Na yi takaba a gidan Iya, domin ban ƙara taka matakin ɗakin nan ba. Ko sau ɗaya ba ta tuna mini maganar da muka yi ina kan rufi ba. Ni ce wata rana na kasa daurewa, na ce mata Iya ai kin faɗa mini. Ta ce in rufe bakina, ita ba ta faɗa mini komai ba, tsokana ce kawai irin tata, da ta san abin da zai faru da ta hau ta sauko da ni da muciya. Ta ce kwanansa ne ya ƙare, kuma Allah Ya ga abin da ke zuciyata lokacin da nake yaɓen. Na san gaskiya ta faɗa, na yarda da ƙaddara, ban taɓa jayayya da hukuncin Ubangiji ba. Amma yarda da ƙaddara ba ta hana ni ganin ƙafata tana danna buhun nan a ƙasan ƙyaure. Da ruwa ya dawo muka koma ƙauye, na gaya wa danginsa tari ne ya kashe shi, kowa ya yarda, don kowa ya san shi da tari. Aka yi ta kirana yaɓen rumbu ina cewa hannuna yana ciwo, har aka gaji aka daina. Ban sake aure ba. Ƴata ta girma ta yi aure ta haifi wannan da ke rubutu, ta riga ni tafiya, ban taɓa gaya mata cewa kukan da na kusa marinta a kansa shi ya fitar da ita daga ɗakin nan ba. Na yi ta cewa gobe, har goben ta ƙare. Jikata ma yau ta fara jin wannan, ga shi ta ajiye alƙalami tana share ido, na ce ta ɗauka mu ƙarasa.

Abin da ya sa na buɗe baki bayan shekarun nan, yanzu ina zaune a Damagaram wurin jikata, kuma ko da idona bai gani sosai, ina jin abin da ake yi. Ɗakunan kwano sun yi yawa, masu tsaron shaguna suna kwana a akwatunan ƙarfe, direbobi suna kwana a cikin mota. Da sanyin bana na ji wata maƙwabciya tana ba da labari da murna, wai ta liƙe tagoginta da leda, ta sa gawayi a ɗaki, yaranta sun yi barci har rana ta fito. Na sa aka kai ni wurinta na roƙe ta. Ta yi dariya ta ce Kaka ai gawayi ba ya hayaƙi. Maganata ce ta dā, na ji ta a bakin wata.

Don haka ina roƙon duk wanda wannan ya isa gare shi, ya karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba irina. Ba na ce kada a yi maganin sanyi ba, na san zafinsa fiye da kowa. Ku tare iska ta ƙarƙashin ɗaki, ku rufe bangon ƙarfe da tabarma ko kwali ko buhu, ku ɗaga shimfiɗa daga ƙasa, duk wannan alheri ne. Amma kafar da kuka tarar a sama ku bar ta, wadda ke ƙasan ƙofa ma ku bar ta, ko da sanyi na shigowa ta nan. Wuta kuwa a hura ta a waje a ji ɗuminta a waje. In mara lafiya gare ku, ku gasa dutse ko tubali ku naɗe a tsumma ku sa masa a ƙafa, da na san wannan da shi na yi. In kuka ga gida duka ana tashi da ciwon kai, kada ku ce yunwa ce ko gajiya, ku buɗe ƙofa. Kuma in wani ya yi muku magana a kan aikin da kuka fi shi sani, ku saurare shi tukuna, domin sanin da na yi taƙama da shi na rumbu ne, hatsi kuwa ba ya numfashi.

Har yau ba na kwana da ƙofa a rufe. Komai tsananin ɗari sai na bar ta a sage, yaran gidan suna yi mini tsiya wai Kaka tana jiran baƙo. Nakan ji sanyin yana shigowa yana bin ƙafafuna har gwiwa, in ja bargo in ƙyale shi. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi wa maigidana addu'a, Allah Ya jiƙansa Ya sanyaya makwancinsa. Ni kuma ku roƙa mini gafara, in na riske shi ya kira ni da sunan da ya saba kirana.